Koriyar Fitilar Ɗakin Saba

Da yamma liƙis aka bugo waya ofishin 'yan sanda daga wani kamfanin ajiyar magunguna da ke bayan tashar manyan motoci. An tsinci gawar mai kula da sito a cikin ɗakin sanyi. Wanda ya bugo sai nanata kalmar "tsautsayi" yake yi, kamar yana tsoron kada a manta da ita a hanya.

Sufeto ya daɗe a wannan aiki, kuma ba ya son a riga shi raɗa wa mutuwa suna. Ya ɗauki hularsa, ya ce wa Saje ya tayar da mota.

Kamfanin ya sha sabon fenti, har da tukwanen furanni a bakin ƙofa waɗanda ko ledar kanti ba a cire musu ba. Can ƙuryar sito, bayan tulin kwalaye, aka nuna musu ɗakin. Mamacin dattijo ne, ma'aikata suna kiransa Baba Ƙanƙara saboda shekarun da ya shafe yana shiga da fita cikin sanyin nan. An same shi zaune, ya jingina da ƙofa.

Sufeto ya duba mariƙin ƙofar na ciki. A karye yake, an ɗaɗɗaure shi da wayar ƙarfe, ita ma ta tsinke. Kusa da shi akwai jan maɓalli na neman agaji. Murfinsa ya tsage, kuma fatar babban yatsan dattijon ta saluɓe.

"Ya danna," in ji Saje a hankali.

"Ya danna har ya gaji. Ina ƙararrawar take kaɗawa?"

Manajan kamfanin ne ya amsa. Mutum ne tsaf-tsaf cikin baƙar kwat, idanunsa sun yi jajur. Shi ne ya bugo wayar.

"Ba ta kaɗawa, Yallaɓai. Mun cire tsohuwar tun bara. Yanzu in an danna, saƙo ne ke bi ta saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da komai na kamfanin, ya fito a allon maigadi." Ya share ido da hankici. "Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ni har na gama makaranta."

"Allah ya jiƙansa. Me ya hana saƙon fitowa?"

"Ni ban san kan kwamfuta ba, ko wasiƙa sai an buga min. Injiniyarmu ce ke kula da ɗakin saba. Da safe ta taɓa wani abu a ciki, ta yi tafiyarta." Ya rage murya. "'Yar marigayin ce. Wallahi ban so na faɗa ba."

Bai so ya faɗa ba, amma kafin Sufeto ya fito daga sito ya ji direbobi ma zancen suke yi.

Maigadin dogon mutum ne mai tsoron kaki. Yana ganinsu ya miƙe zumbur har kujerarsa ta faɗi.

"Ban ga komai ba, Yallaɓai. Allon nan lafiya ƙalau yake tun safe."

Sufeto bai ko kalli allon ba. Ƙofar shiga yake kallo, irin wadda ake buɗewa da kati. An tokare ta da bulo.

"In komai lafiya ƙalau yake, wa ya sa wa ƙofar nan bulo?"

Maigadi ya fara kame-kame. Saje ya ɗaga kujerar ya ajiye masa, ya dafa kafaɗarsa har ya zauna.

"Ni ne. Tun tsakar rana komai ya koma tafiyar hawainiya. Ka sa kati, sai ka gaji da tsayuwa kafin ta buɗe. Ga shi muna da baƙi."

"Waɗanne baƙi?"

"Manya ne daga wata ƙungiya, suna son su ba mu ajiyar allurar riga-kafi. Manaja ya tara duk 'yan sito a gaba, ya ba kowa sabuwar riga, muka yi layi. Shi Baba ya ce bari ya leƙa ɗakin can ya dawo. Cikin hidima babu wanda ya sake tuna shi."

"Ba a zaga da baƙin ɗakin ba?"

"An tsallake shi. Saboda mariƙin."

"Saƙon fa?"

Maigadi ya sunkuyar da kai. "Ya zo. Bayan baƙi sun tafi ya zo, duk a lokaci guda, suka cika allon ja-ja-ja har ba iyaka. Na ruga na buɗe, na tarar da shi ya riga ya cika. Manaja ya ce in ce ban ga komai ba, kada a ce na yi sakaci a kore ni. Ina da yara, Yallaɓai."

Kowa yana da yara, in ji Sufeto a ransa. Wanda ke cikin ɗakin can ma yana da 'ya.

Washegari likita ya gama nasa aikin. Ya ce sanyi ne ya yi ta cin dattijon har zuciyarsa ta gaza, kuma da an buɗe masa da wuri da yanzu yana gida yana shan shayi. Bayan an kai shi makwancinsa, Sufeto ya nufi gidan.

Gidan bene ne na haya, iyalin suna hawa na biyu. Takalman masu gaisuwa sun cika bakin ƙofa. A kan matakala, nesa da takalman, wata matashiya tana zaune ita kaɗai da jakar kwamfuta a cinya. Ba kuka take ba. Ta wuce nan.

"Ke ce Injiniya?"

"Ni ce."

"Me ya sa ba ki shiga ba?"

Amsar ta fito da kanta. Daga cikin falo wata tsohuwar murya ta ɗaga: "Ku gaya mata kada ta tako min ɗaki! Ni na goya ta da uwarta ta rasu, ga sakayyar da ta yi min!"

"Kakata ce," in ji Injiniya. "Baffa ya yi mata bayani."

Sufeto ya zauna a matakalar da ke ƙasa da tata. Gwiwoyinsa sun yi ƙara, bai kula ba.

"Ni ma yi min bayani. Amma ki sani ni ɗan sanda ne, ba ɗan boko ba."

Ta yi magana a hankali, kamar mai karanta abin da ta riga ta haddace.

"Sabar tana ajiye komai a faya-fayai da yawa, kowanne yana riƙe da rabon ɗan'uwansa, don in ɗaya ya mutu kada a yi asara. Jiya da safe ɗaya ya mutu, na sa sabo. Sabon fanko yake zuwa, sai sauran sun kwafa masa duk abin da wancan ya tafi da shi. Shi muke kira daidaitawa. A bayan fage take yinsa, tana ci gaba da sauran aikinta."

"To ina matsalar?"

"Famfo ɗaya ne, Yallaɓai. In ka buɗe shi duka kana cika tanki, mai neman kofi ɗaya sai ya jira. Shi ya sa da rana nake rage wa kwafin gudu can ƙasa, ya riƙa tafiya kaɗan-kaɗan. Yana daɗewa, amma ƙofofi da ƙararrawa suna samun nasu rabon. A yadda na bar shi, sai jibi zai gama. Kafin nan fitilar faifan rawaya za ta zauna."

"Sai kika tafi ina?"

"Baffa ya aike ni ɗaya reshen, wai na'urar buga takardunsu ta tsaya."

"Kin tabbata kin rage gudun?"

Nan muryarta ta karye. "Na tabbata. Amma tun jiya nake tambayar hannuna ko ya kuskure. In ni ce, ku tafi da ni kawai, ya fi min zaman nan."

"Wa ya san lambar sirrinki ban da ke?"

Ta kalli ƙofar falon, ta ɗauke kai. "Babu kowa."

Sufeto ya ga kallon. Ya adana shi.

Ɗakin saba ƙarami ne, mai ƙofar gilashi da ke fuskantar barandar da kowane baƙo zai bi. A ciki fankoki suna ta gurnani. Injiniya ta shiga gaba, ta tsaya cak a gaban wata doguwar durowar ƙarfe.

Faya-fayan suna jere, kowanne da 'yar fitilarsa. Dukansu koraye ne.

"Ba zai yiwu ba," ta ce.

Ta ja kujera ta buɗe allo. Gudun kwafin yana can ƙasa, daidai inda ta ce ta bar shi. Amma aikin ya ƙare tun jiya da yamma.

"Fassara min," in ji Sufeto.

"Aikin da zai kai jibi ba ya ƙarewa a wuni guda sai an ƙure masa gudu. Wani ya kai shi ƙarshe, ya shaƙe sabar, da ya gama kuma ya mayar da shi yadda yake. Ya manta fitila ba ta komawa rawaya don an so."

"Da sunan wa aka shiga?"

Ta duba. Ta daɗe tana kallon wurin. "Da nawa."

Saje ya matso. "Kina iya canza shi daga wayarki, kina can ɗaya reshen?"

"Ina iyawa."

Saje ya ja Sufeto gefe. "Yallaɓai, sunanta ne, lambarta ce, ta kuma ce babu wanda ya sani. Oga ya bugo tun ɗazu yana son suna. Mu rufe maganar nan."

Haka ake rufe magana a ofishinsu, kuma Sufeto ya sha gani: a nemi wanda ba shi da ƙarfin musu a shafa masa kashin kaji, kowa ya koma gida ya ci abinci. Abin yana ƙona masa rai, kuma tsufa bai rage masa zafin ba.

Ya fita baranda ya tsaya inda baƙo zai tsaya, ya leƙa ta gilashin. Daga nan fitilun kaɗai ake gani. Wadda ta san aikin ba ta da dalilin gaggawa. Mai gaggawa shi ne wanda rawayar fitila za ta ba kunya.

Da ya dawo ciki, ya hangi kwalin sabon faifan a kwandon shara, da tambarin shagon da aka sayo shi.

"Kai ta ofis ta zauna," ya ce wa Saje. "A benci, ba a bayan kanta ba. Ka dawo ka same ni."

Shagon yana cikin layin masu sayar da kayan kwamfuta, ƙuntatacce, mutum biyu ba sa wuce juna sai sun karkace. Mai shi gajere ne mai saurin baki, 'yan layin suna ce masa Ɗan Faifai.

"Na kai musu kaya da safe, na miƙa wa Injiniya, na dawo. Iyakar sanina ke nan, Yallaɓai."

"Ba ka sake magana da kowa a kamfanin ba?"

"Ko sallama."

"Madalla. To Saje, kwashe kayan shagon nan. Faifan da ya sayar musu ne ya shaƙe sabar har mutum ya mutu. Na jabu ne. Za mu gwada sauran ɗaya bayan ɗaya, ko zai kai baɗi."

"Jabu? Ni?" Ɗan Faifai ya tare durowarsa da hannu biyu. "Ku zagi uwata ma ya fi min sauƙi! Faifaina lafiyarsa ƙalau. Wanda ya ƙure masa gudu za ku tambaya!"

Shi da kansa ya ji abin da ya fito daga bakinsa.

"Ban ce maka an ƙure gudu ba," in ji Sufeto. "Zauna."

Ya zauna a kan wani kwali, duk kuzarin ya zube.

"Da tsakar rana Manaja ya kira ni ta bidiyo daga cikin ɗakin saba. Ya ce baƙi sun kusa isowa, ga fitila rawaya tana ƙiftawa a gaban gilashi kamar ciwon ido. Ya ce in nuna masa yadda za ta koma koriya. Na ce a jira Injiniya. Ya ce shi ya aike ta, don ya riga ya tambaye ta da safe ta ƙi."

"Sai ka nuna masa."

"Babban mai sayen kayana ne. Amma na gaya masa, na rantse na gaya masa! Na ce komai zai tsaya, har ƙofofi. Allon ma ya fito da gargaɗi, na karanta masa da bakina. Ya ce ɗan lokaci ne, wa zai mutu?"

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

"Fitilar ta koma koriya kafin baƙin su iso?"

Ɗan Faifai ya yi wata dariya marar daɗi. "Ina fa! Ko an ƙure shi sai ya ɗauki sa'o'i. Daga baya ya gaya min sun wuce ta barandar suna ta hira, ko kallon gilashin ba su yi ba."

A ofis suka tarar da Injiniya inda aka bar ta, ruwan da aka ba ta yana nan ba ta taɓa ba. Sufeto ya tsaya a kanta.

"Kin yi min ƙarya ɗaya. Ki gyara ta yanzu."

Ta rufe fuska da tafukanta. "Tun watan da na fara aiki Baffa ya ce in ba shi lambar sirrina, wai ko da wani abu zai taso ba na nan. Doka ta hana. Amma ƙanin mahaifina ne, shi ya kawo ni kamfanin. Da wane baki zan ce masa a'a?"

"Jiya da safe kin ce masa a'a."

"Na ce masa in aka ƙara gudun, ƙararrawa za ta makara. Ya yi dariya ya ce na cika tsoro." Ta ɗago. "Ashe shi ne?"

"Tashi mu je."

Rana ta karkata lokacin da suka koma gidan. Falon ya cika. Manaja yana zaune a babbar kujera yana karɓar gaisuwa, domin yanzu shi ne babba a gidan. Kusa da shi tsohuwar tana kan darduma, 'yar ƙanƙanuwa, ta riƙe gefen rigarsa kamar za a ƙwace mata shi.

"Ranka ya daɗe, muna son magana da kai a waje," in ji Sufeto.

"Nan ma gida ne, Yallaɓai. Ba ni da abin ɓoyewa."

"Shi ke nan. Ka ce ba ka san kan kwamfuta ba."

"Haka ne."

"Jiya da tsakar rana kana ina?"

"Ina bakin ƙofa ina jiran baƙi. Kowa ya gan ni."

"Kafin nan fa? Ɗan Faifai yana cikin motarmu a ƙasa. Ya ce kwat ɗin nan ce a jikinka da ka kira shi, kuma ya karanta maka gargaɗin da bakinsa. In hawo da shi?"

Masu gaisuwa suka daina motsi. Manaja ya nemi hankicinsa, ya kasa samun aljihun.

"Auta," in ji tsohuwar, "me mutumin nan yake cewa?"

Bai kalle ta ba. Ƙasa ya kalla, kuma da ya fara magana muryar ba ta manaja ba ce.

"Ɗan lokaci kawai nake so. Shekara guda ina bin kwangilar nan. Na ce in suka ga rawayar fitila za su ce kayanmu ruɓaɓɓu ne. Ban san Yaya yana ciki ba. Wallahi ban sani ba!"

"Na yarda ba ka sani ba," in ji Sufeto. "Mariƙin ƙofar fa, ka san da shi?"

"Na sani. Na ce bayan baƙi a gyara."

"Da maigadi ya nuna maka saƙonnin, me ka fara yi?"

Sufeto ya matso kusa da shi.

"Ka je wurin gawar ɗan'uwanka, ko ka koma ɗakin saba?"

"Na koma ɗakin saba," ya ce da ƙyar. "Na mayar da gudun ƙasa."

"Sannan ka zo nan ka gaya wa mahaifiyarka cewa jikarta ce."

"Na ɗauka ita ba za a yi mata komai ba. Yarinya ce, za a ce kuskuren aiki ne, a yi mata faɗa a bar ta. Ni kuwa in na faɗi, gidan nan duka ya faɗi. Wa zai riƙe su?" Ya ɗago ya hangi Injiniya a bakin ƙofa. "'Yata, ki yafe min."

Saje ya zaro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, ya nuna tsohuwar da ido, sai suka kama shi ta hannu kawai. Sai da aka ɓamɓare yatsunta daga rigarsa ɗaya bayan ɗaya.

Mutane suka dare suka ba su hanya. A nan ne Injiniya ta cire takalmanta, ta tako cikin falon a karo na farko tun rasuwar. Ta durƙusa a gaban kakarta. Sai yanzu hawayen suka zo mata.

"Kaka, kin ji ko? Ba ni ba ce. Ba ni na kashe Baba ba."

Sufeto ya dakata a bakin ƙofa. Shekaru sun koya masa kada ya tsaya kallon abin da ke biyo bayan kamu, amma wannan karon ya so ya ga an rungume yarinyar nan, ko sau ɗaya.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ƙofar da aka fita da autanta. Sannan ta juyo ta dubi jikarta, idanunta a bushe.

"Na ji," ta ce. "Da kin ɗauka kin yi shiru, da ɗa ɗaya kawai na rasa."

Ta janye ƙafarta daga inda hannun yarinyar yake.

Sufeto ya sa hularsa ya sauka. A ƙasa Saje ya riga ya tayar da mota.